Ma'aunin Ubale Mai Kaset

Kano, 19 ga Agusta, 2024

Zuwa ga uwata Walida,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatu, ya zaman garin mutane? Mu nan lafiya lau, sai gwiwata ta hagu da take riga gidan rediyo sanar da zuwan ruwa. Ummanki lafiya, keken ɗinkinta ma lafiya, su biyun ba mai hutawa.

Kada ki yi mamakin ganin hoton takarda a wayarki. Na daina aiko miki da saƙon murya, domin da na danna na fara magana a shago sai layinmu ya yi tsit, har mai shayi yana rage wuta don ya ji da kyau. Rubutu a waya kuma, babban yatsana harafi uku yake dannawa a tare. Shi ya sa na koma biro da takarda, in rubuta in ɗauki hoto. Ki yi haƙuri da rubutun. Wanda ya tsaya a aji biyar bai yi wa kowa alkawarin miƙaƙƙen layi ba.

To ga abin da ya kawo ni. Jiya da safe gwaggonki Daso ta faɗo gidan, mayafi a karkace, waya a hannu. 'Yar ƙawarta da ke can ta turo mata hotonki. Ga ki tsaye da hijabinki da littafinki, alhamdulillahi. Amma kewaye da ke mutum kusan goma, kowa cikin baƙaƙen kaya, fuska fari fat, leɓe baƙi ƙirin, mazan sun sha kwalli fiye da amare. Akwai ɗaya da gashinsa ya miƙe sama kamar ya dafa wayar wuta.

Daso ta ce ƙungiyar asiri ce. Ummanki ta ci gaba da taka kekenta. Ni na ce wataƙila masu injin niƙa ne suka yi anko da masu gawayi. Ba wanda ya yi dariya, har ni da na faɗa sai na haɗiye tawa.

Uwata, ni ban yarda da zancen asiri ba. Mai asiri ba ya tsayawa a ɗauke shi hoto yana ɗaga yatsu biyu. Amma ina buƙatar amsar da zan shiga da ita cikin gida, don Daso ta fara cewa dama ita ta faɗa tun ranar da muka raka ki filin jirgi. Ki rubuto min su wane ne, me ya haɗa ki da su, kuma wa ya rasu musu.

Naki,
Ubale

*

Cheras, Kuala Lumpur, 21 ga Agusta, 2024

Baba,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka, ina gaida Umma da Gwaggo Daso. Ya gwiwa? Ka riƙa shafa man nan da na aiko, ba ajiye shi za ka yi a kanta don ado ba. Ni lafiya lau, sai ruwan sama kullum da yamma.

Baba, ba wanda ya rasu. Na yi dariyar masu niƙa da masu gawayi har Bilqis, wadda muke ɗaki ɗaya, ta leƙo ta ga ko lafiya. 'Yar nan ƙasar ce, daga Ipoh.

Waɗannan mutane masu sauraron wani kiɗa ne da ake kira gotik rok. Jita ce da ganga da murya mai nauyi, waƙoƙin duk na kaɗaici ne da kewa da tunanin mutuwa. Baƙaƙen kayan adonsu ne kawai. Hoton an ɗauke shi ranar Lahadi da la'asar, a wani ɗan zaure saman shagon kayan babur, kuma kafin magariba ina gida. Mai gashin wayar wuta a kantin magani yake aiki, kuma a gabana ya wanke leɓensa ya yi alwala.

Abin da ya kai ni, aikin ƙarshe ne na digirina. Malamata ta ce kowa ya auna shaharar wasu mawaƙa, kuma a ɗauki waɗanda ba a taɓa aunawa ba. Sai na ɗauki uku daga cikin waɗannan. Na farko Daniyal Gagak, gagak shi ne hankaka, yana da mabiya dubu ɗari biyu a intanet. Ta biyu Liyana Senja, senja magariba ke nan, tana waƙa da doguwar baƙar riga da ɗan hijabinta, mabiyanta dubu talatin. Na uku Pak Mat Kelam, ya kusa sittin, shi ya fara kiɗan a unguwarsu tun ba a haife ni ba. Yanzu gyaran fanka yake yi, mabiyansa ba su kai dubu ba.

Na jera su haka na kai wa malamata. Ta maido min da takardun ta ce mabiyan intanet sayensu ake yi kamar tumatir, in kawo mata ma'aunin da ba a saya. Ranar huɗu ga Oktoba zan tsaya gaban malamai in kare aikin. Baba, bizata za ta ƙare ƙarshen Oktoba, kuma makaranta ta ce ba za ta sake nema min ƙari ba, don an riga an yi min sau ɗaya lokacin da na kwanta zazzaɓin dengi. Idan aikin nan bai wuce ba, gida zan dawo ba takarda, bayan shekara huɗu.

Ban gaya wa Umma wannan ba. Don Allah ka kai mata labarin kwallin kawai.

Taka,
Walida

*

Kano, 23 ga Agusta, 2024

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da fatan alheri. Man gwiwa na shafa, yanzu duk shagon ƙamshinsa yake yi, kwastomomi suna tambaya ko na fara sayar da magani. Na kai labarin kwalli cikin gida. Ummanki ta ce to. Daso ta ce a tambaye ki ko mai kantin maganin yana da aure.

Zancen biza ya taɓa ni, ba zan ɓoye miki ba. Amma da na kai wurin da malamarki ta ce ma'aunin da ba a saya, sai na miƙe tsaye a shago na gyara hula. Yau jami'a ta zo ƙofar shagona da kanta. Shekara ashirin da biyu ina sayar da kaset kafin waya ta kashe mana kasuwa ta mai da ni mai tura waƙa a memori da sayar da caja. Lissafi ya kore ni daga makaranta, amma shaharar mawaƙi, wannan na san ta kamar yunwar cikina.

Saurara. Akwai shaharar bango, ta wanda ya buga hotonsa ya manna ko'ina. Wannan ruwan sama ɗaya yake wanke ta, kuma ina jin Hankakanki a nan yake. Akwai shaharar baki, ta wanda ake faɗin sunansa a majalisa ko ba a taɓa jin waƙarsa har ƙarshe ba. Sai shaharar ƙafa. Idan sabon kaset ya zo, ba na tambayar kowa. Sai in fito da lasifika bakin ƙofa in kunna, in zauna kamar ina gyaran batir, idona kuwa yana kan ƙafafun masu wucewa. Baki yana ƙarya don kunya ko don burga. Ƙafa ba ta yi. Idan mai sauri ya rage sauri, idan ɗan dako ya tsaya gyara kayan da ba su karkace ba, to gobe sai in ƙaro kaset ɗin.

Sama da duk waɗannan akwai mutumin da zai shigo ya ce, “Mai kaset, ban san sunan mawaƙin ba, amma ga yadda waƙar take,” ya rera min a hanci. Mawaƙin da ake rera waƙarsa ba a san sunansa ba, wannan ya gama. Ya wuce suna, ya shiga jini.

Tunda muna zancen sirri, ga nawa. Kafin in auri Ummanki ni ma na taɓa yin waƙa. Guda ɗaya. Na samu wani abokina mai garaya muka ɗauka, na buga kaset hamsin, na manna hotona a ƙofar shagona da hula a karkace. Na fito da lasifika na kunna. Uwata, ƙafafun Kano ba su taɓa sauri irin na ranar ba. Huɗu suka fita daga shagon, ɗaya kakarki ce ta ɗauka, ɗaya kuma aka dawo da shi. Ragowar, biyu suna ƙarƙashin ƙafar keken Ummanki har yau don kada ya yi rawa. Fiton nan da nake yi in ina goge takalmi, wanda take cewa in daina kira mata shaiɗanu cikin gida, shi ne abin da ya rage na waƙar.

Don haka ki samu ƙaramar lasifika, ki je inda jama'a suka fi yawa, ki kunna kowanne, ki ƙirga ƙafafu. Ni dai ina bayan Tsoho mai gyaran fanka. Mu tsofaffin da kasuwa ta bari mun san juna.

Naki,
Farfesa Ubale, aji biyar

*

Cheras, 2 ga Satumba, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya.

Na gwada. Kwana uku ni da Bilqis a unguwar Bukit Bintang, ƙarƙashin tashar monorel, jirgin nan mai bi ta saman titi, da lasifika da littafi. Duk baƙi ne masu yawon buɗe ido da Larabawa masu neman gidan abinci. Mutum biyu suka tsaya. Ɗaya hanya yake tambaya, ɗaya yarinya ce da ta ji muryar Gagak ta fashe da kuka. Rana ta uku masu gadi suka ce mu tattara mu bar wurin.

Da shiri da rubutawa, kwana tara sun tafi. Malamata ta duba ta ce a ina na samo wannan hanyar. Na yi shiru.

Na gode da shawara, Baba. Zan nemi wata hanya.

Walida

*

Kano, 16 ga Satumba, 2024

Uwata Walida,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ko da gaisuwar za ta tarar da 'yan uwanta biyu da na aiko ba a amsa ba. Mu lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, ciwon ya koma wani wuri da mai ba ya kaiwa.

Yau sati biyu ke nan. Ina ganin alamar kin buɗe saƙona, don haka na san kina raye, alhamdulillahi. Takardarki ta ƙarshe na karanta ta fi sau arba'in. “Na gode da shawara.” Ni ma haka nake ce wa mai kawo min cajar da na san ba ta da kyau. Ko “taka” ba ki sa a ƙarshe ba, na duba har bayan wayar.

Wurin da kika ce malamarki ta tambaya kika yi shiru, nan ya fi tsaya min. Kuma daidai kika yi. Me za ki ce mata? Wani mai sayar da caja a Kano, wanda ya kasa sayar da waƙarsa ko ga maƙwabcinsa? Na ci miki kwana tara cikin kwanakin da ba ki da su, don kawai an kira ni gwani sau ɗaya a rayuwa kaina ya kumbura. Sai daga baya na tuna abin da ko yaron shago ya sani. Ban taɓa gwada kaset ɗin dambe a layin masu atamfa ba. Kowane kiɗa a hanyar mutanensa ake gwada shi. Na ce miki inda jama'a suka fi yawa, na manta in ce jama'ar wa. Ki yafe min.

Ga laifi na biyu, gara in haɗa su a yi min hukunci ɗaya. Na gaya wa Ummanki zancen biza. Ba da niyya ba. Kwana uku ina barin tuwo a kwano, rana ta huɗu ta tsayar da keke ta ce, “Malam, ko ka faɗa ko in kira ta.” Na faɗa, har da lasifika da masu gadi.

Na zaci za ta yi kuka. Sai ta cire zaren da ke bakinta ta ce, “Ku masu kiɗa kun cika surutu. Nuna min hoton nan.” Na nuna mata. Ta buɗe shi da yatsu biyu, ba fuskokin take kallo ba, ɗinkin take kallo. Ta ce, “Wannan hannun rigar ba na kanti ba ne, tela ne ya yanka. Wannan ma haka. To su wa suke ɗinka musu?” Na ce ina zan sani. Ta ce, “Kullum mata suna zuwa min da waya su ce irin na wance nake so. Ni ban san waƙar kowa ba, ba na kallon kowa, amma ka tambaye ni wa ke tashe a garin nan in gaya maka, har watan da ta fara da watan da aka daina yayinta. Mutum zai danna waya ya bi wanda bai damu da shi ba. Amma ba ya yanka yadinsa a kan wanda ba ya so. Ka ce mata ta je wurin teloli da masu yadi ta tambaye su hoton wa ake nuna musu.” Ta mayar da zare baki ta ci gaba da taka keke, a kan kaset ɗina.

Ni ɗan aike ne kawai a wannan karon, ban ƙara ko gishiri ba. In kin ga da amfani ki ɗauka. In ba amfani, ki rubuto ko kalma ɗaya ce, ko da “na gode da shawara” ce. Zan karɓa.

Naki, ko ba a sa “taka” ba,
Ubale

*

Cheras, 24 ga Satumba, 2024

Babana,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ka da kyau, ina gaida Umma. Ka ci tuwonka, don Allah.

Baba, ka karanta ni ba daidai ba. Na yi shiru gaban malamata ne don a yadda ta yi tambayar, na san duk sunan da na faɗa dariya za ta yi masa, kuma ba zan tsaya a yi wa sunanka dariya ba. Shirun sati biyu kuma kunya ce. Kullum in buɗe takardarka in ce sai na samu labari mai daɗi zan amsa, labarin ya ƙi zuwa. “Taka” kuwa mantawa na yi, a cikin jirgin ƙasa na rubuta ina tsaye.

Yanzu ga labarin. Washegarin takardarka muka tafi Jalan Tuanku Abdul Rahman, titin masu yadi, kamar Kwari amma da rufin baranda. Na fara da masu sayar da baƙin leshi da karan-miski, su suka nuna min telolin da ke saman benaye. Kwana shida, kedai, wato shago, ashirin da uku. Abincinmu tapau ne, wato na ƙunshi, daga mamak, masu gidan abincin bakin titi, muna ci a kan matakala. Tambaya ɗaya nake yi, ta Umma: idan masu baƙaƙen kaya sun zo, hoton wa suke nunawa?

Goma sha bakwai suka ce Liyana Senja. Rigarta tana da wani hannu mai tsawo da yake rufe bayan hannu har gindin yatsu, da ƙananan maɓallai a jere. Telolin har suna suka sa masa, hannun Senja. Wata tela ta ce min yanzu mata masu zuwa biki suna cewa a yi musu shi da ruwan hoda ko kore, kuma rabinsu ba su san Senja mutum ce ba. Ka gaya wa Umma na ɗauko mata hoton yankan.

Gagak mai mabiya dubu ɗari biyu, shago biyu suka san hotonsa. A duka biyun shi da kansa ya kawo ɗinkin.

Tsohonka kuwa, yi haƙuri, ko shago ɗaya. Da tsohuwar baƙar singileti yake waƙa, ba abin da za a kwaikwaya. Sai dai a shago na ashirin akwai wani dattijon tela, yana yanka yadi yana rera wani abu a hanci. Na tsaya da rubutu, don na san shi. Farkon wata waƙar Pak Mat ne. Na tambaye shi ta wace ce. Ya ce, “Ban sani ba, ta fi shekara ashirin a kaina, in ina yanka ita take zuwa.” Mutum ɗaya ba ya shiga jadawali, amma na sa shi a ƙasan shafi da ƙananan baƙaƙe.

Jiya na kai wa malamata. Ta karanta har ƙarshe ba ta ɗago ba, sannan ta ce “boleh”, wato zai yiwu. Daga bakinta wannan kamar guɗa ce. Saura kwana goma. Ku yi min addu'a.

Taka, taka, taka, har da na bashin wancan,
Walida

*

Kano, 27 ga Satumba, 2024

Uwata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa. Tuwo ya dawo, har da ƙari.

Na karanta wa Ummanki takardarki da ƙarfi. Ta ce “to ai dama”, ta ci gaba da ɗinki, amma tun ranar tafiyarta ta canza a tsakar gida. Jiya na tambaye ta ina silifas ɗina, ta ce in yi bincike. Daso kuma ta zo ta ce dama ita ta faɗa yarinyar nan za ta yi abin kirki.

Zancen Tsoho ban yarda an kayar da mu ba. Ƙasan shafi ma shafi ne. Gini ma a ƙasa yake farawa. Kuma tela ɗaya mai rerawa shekara ashirin, a lissafina na aji biyar, ya fi dubu ɗari biyu masu danna waya. Amma kada ki faɗa wa malamai haka, kin ga inda shawarata ta kai ki wancan karon.

Ranar Juma'ar ki karya kumallo kafin ki fita, kada cikinki ya riga ki amsa tambaya. Ki yi bisimilla a bakin ƙofa. In sun tambayi abin da ba ki sani ba, ki ce ba ki sani ba, ni da wannan amsar na yi shekara biyar a makaranta ba wanda ya kama ni da ƙarya. Addu'a muna yi, Ummanki a sallaya, ni a sallaya da shago.

Naki,
Ubale

*

Cheras, 4 ga Oktoba, 2024

Baba,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka. Kafin komai: na wuce. Alhamdulillahi. Gyara kaɗan suka ba ni, na sati ɗaya. Zan dawo da takardata.

Malamai uku ne. Wani mai furfura ya buɗe shafin da na rubuta inda na samo hanyar, ya karanta sunan Umma da ƙarfi, “Ramatu, tela, Kano.” Ya ce wannan malama tana da wasu rubuce-rubuce da zai nema? Na ce ba ta da su, amma aikinta yana jikin rabin matan unguwarmu. Ya yi dariya ya rubuta wani abu. Sannan ya tambayi ƙasan shafin nan, ya ce me ya sa na sa mutum ɗaya. Na ce wanda ya shekara ashirin da biyu yana sayar da kiɗa ne ya koya min cewa akwai shaharar da ta wuce suna. A wannan karon na faɗi sunanka, Baba, cikakke. Ba wanda ya yi dariya. Ya ce in faɗaɗa wurin zuwa sakin layi guda. Wannan yana cikin gyaran.

Amma ba wannan nake son gaya maka ba. Kafin a kira ni, muna zaune a baranda ni da Bilqis. Ashe ina rera wani abu a hanci ban sani ba. Sai na ji ta kama, ta ƙarasa min har ƙarshe, har da ɗan lanƙwasar nan da kake yi in ka kai dunduniyar takalmi. Na ce ina ta san shi? Ta ce, “Ke kike yi kullum in kina wanke-wanke. Ya kama ni tun bara. Da na je gida hutu mamata ta ɗauka, yanzu da shi take soya ayaba. Ƙanwarta ma ta fara. Kullum sai mamata ta tambaye ni waƙar wace ce, in ce ban sani ba.”

Baba, fitonka ne. Waƙar kaset hamsin. Mata uku a ƙasar nan suna rera ta, biyu a garin da ni ma ban taɓa zuwa ba, kuma ba wadda ta san sunan mai ita.

Bilqis ta ce in gaya mata. Na ce sai na nemi izinin mawaƙin.

Taka,
Walida

*

Kano, 5 ga Oktoba, 2024

Uwata, mai digiri,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Lafiya lau muke, lafiyar da ba mu taɓa yin irinta ba. Alhamdulillahi. Allah ya sa albarka, ya sa ki amfana ki amfanar. Ummanki ta yi sujada, ta tashi ta ɗora wainar sadaka. Ta ce a gaya wa mai furfura in yana son rubuce-rubucenta ya aiko da awonsa.

Ƙarshen takardarki ban karanta wa kowa da ƙarfi ba. Na fara, sai wani abu ya shiga idona, ina jin man gwiwar nan ne. Na rufe shago na ce zan je sayo batir, na zagaya kasuwa sau biyu na dawo ba batir.

Da na koma gida na durƙusa zan zaro kaset ɗaya daga ƙarƙashin keke, in ji ko har yanzu yana yi. Ummanki ta ce in na taɓa keken zai yi rawa, kuma tana da ɗinkin biki. Na bar shi. Da na tashi ina kaɗe gwiwa sai na ji ana rera wani abu a hankali cikin ƙarar keke, da zare a baki. Shekara ashirin da takwas tana hana ni fito, ashe ta haddace har lanƙwasar. Na kalle ta. Ta ce, “Me? Shaiɗanu da fito ake kiransu, ni a hanci nake yi.”

Don haka ki gyara lissafinki, mata huɗu ne, ke ta biyar.

Izinin da kika nema kuwa, mawaƙin ya yi shawara da kansa, ya ce a'a. Ki gaida Bilqis, ki gaida mamarta mai soya ayaba, ki ce Allah ya ƙara wa man albarka. Amma kada ki gaya musu sunana. Shekara talatin na yi kafin in hau wannan matsayi, ba zan koma shaharar bango ba.

Ki sanar da mu ranar jirgi. Zan goge takalmi.

Naki,
Ubale